Martani Ga Mai Cewa A Haɗa Farantin Sola Da Batirin Jirgi Kai Tsaye

Na karanta maƙalar da wani malami ya rubuta kwanan baya a kan yadda mai ƙaramin jirgin ruwa, irin wanda ke tafiya da iska, zai haɗa farantin sola da batirinsa, kuma tun da yake mas'ala ce da ta shafi rayukan mutane da dukiyarsu a wurin da babu maƙwabcin da za a yi wa kururuwa in wuta ta tashi, sai na ga shiru bai halatta gare ni ba. Abin da Malam ya tafi a kai, in na taƙaita shi bisa adalci, shi ne muddin faranti ƙarami ne, misali mai wat 50, batir kuwa irin na mota ne mai Ah 70, wato wanda a ƙa'ida zai ba da amfiya ɗaya har tsawon awa 70, to babu bukatar na'urar nan da masu sana'ar ke kira kwantirola, babu kuma bukatar fis. A jawo waya biyu daga faranti, ja zuwa kan ja, baƙa zuwa kan baƙi, in an ga dama a sa dayod guda a tsakani, shi ke nan aiki ya kammala. Ya ƙara da cewa 'yan kasuwa ne suka ɗora wa talakan masunci waɗannan kayayyaki don su raba shi da ɗan abin da ke hannunsa. Ba na shakkar kyawun niyyarsa, domin tausayin mai ƙaramin ƙarfi ya bayyana a cikin rubutun nasa tun daga farko har ƙarshe, amma niyya, komai kyawunta, ba ta tsayar da fatawar da hujjarta ta raunana.

Insafi ya wajabta in fara da ba shi abin da yake nasa. Maganar tasa tana da asali, domin masu ƙananan jirage a Turai da Amurka sun daɗe da wani rangwame da suke yi wa junansu, cewa idan abin da faranti ke bayarwa bai wuce kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin ɗari na abin da batir ke ɗauka ba, ana iya haɗa su ba tare da kwantirola ba. Illar wannan rangwame, wato dalilin da aka gina shi a kai, ita ce batirin dalma yana zubar da wani abu na cajinsa kowane wata ko da ba a taɓa shi ba, saboda haka ɗan ƙaramin faranti yana mayar masa da abin da ya zuba ne kawai, ragowar da ta yi saura kuwa ba ta kai ta cutar da shi ba. To amma kowane rangwame yana tafe da sharuɗɗansa, kuma sharuɗɗan wannan su ne batir ya kasance mai marufi wanda ake buɗewa a ƙara masa ruwa, mai shi ya kasance yana leƙa shi a kai a kai, ƙasar kuma ta kasance mai sanyi. Idan muka yi lissafi da batirin da Malam ya kawo misali da shi, kashi ɗaya da rabi na 70 bai wuce amfiya ɗaya da 'yan kai ba, alhali faranti mai wat 50 yana ba da kusan amfiya 2.8 in rana ta take, wato kashi huɗu cikin ɗari. Ashe misalin da ya zaɓa da hannunsa ya fita daga cikin rangwamen kusan ninki uku tun kafin a zo ga sauran sharuɗɗan. Abin da Malam ya yi shi ne ya ɗauki hukuncin da aka yanke wa faranti mai wat 5 ko 10, ya yaye masa ƙaidodinsa, ya shimfiɗa shi a kan kowane faranti da ido ya gani ya ce ƙarami ne.

Tushen kuskuren, a ganina, yana cikin zaton da mutane da yawa ke yi cewa farantin da aka sayar da sunan na bolt 12 bolt 12 yake bayarwa, don haka in batir ya cika sai su daidaita, wuta ta tsaya da kanta. Duk wanda ya juya faranti ya karanta takardar da ke manne a bayansa zai ga ba haka abin yake ba. Galibin irin wannan faranti gidaje 36 gare shi da aka jera a layi ɗaya, in aka auna shi a rana ba a haɗa shi da komai ba zai nuna bolt 21 ko 22, kuma inda ya fi ƙarfin aiki shi ne wajen 17 zuwa 18. An yi haka da gangan ne, domin wuta ba ta shiga batir sai in abin da ke tura ta ya fi shi ƙarfi, kuma zafin rana yana rage wa faranti ƙarfi, sai aka bar masa rara. Shi kuwa batirin dalma, wanda tun da Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a Faransa a 1859 asalin ɗabi'arsa ba ta sauya ba, gidaje shida gare shi, cikarsa in yana hutawa ita ce 12.6 ko 12.7, ana cajinsa har wajen 14.4, sa'an nan in ya ƙoshi a sauko da shi zuwa 13.5 ko kusa da haka a riƙe shi a nan. Batir ba shi da bakin da zai ce ya ƙoshi, faranti kuma ba shi da idon da zai ga an ƙoshi, kuma aikin kwantirola ke nan, kamar mai ban ruwa a lambu wanda yakan toshe bakin fangali da zarar ya cika. In babu shi, faranti zai ci gaba da turawa, batir ya haura 15, ya doshi 16, kuma wutar da ba ta sami wurin zama ba sai ta koma tana farfasa ruwan batir zuwa iska iri biyu, haidirojin da oksijin, tana kuma cinye farantan dalmar da ke ciki.

A nan ina so mai karatu ya yi haƙuri da ni mu ɗan zauna a kan lissafi, domin shi ne alƙalin da ba ya karɓar ceto. Masana sun tabbatar da cewa kowace amfiya ɗaya da ta shiga cikakken batir na tsawon awa ɗaya tana fasa kimanin sulusin mililita na ruwa a kowane gida, tana kuma fitar da kusan lita 0.42 na haidirojin; a gida shida ke nan mililita 2 na ruwa da lita biyu da rabi na iskar. Farantin Malam, in ya sami awa biyar na rana mai ƙarfi, zai tura kusan Ah 14 a yini. Idan batir ya riga ya cika, wannan na nufin kimanin lita 35 na haidirojin a rana ɗaya, da mililita 28 na ruwa da ya tafi, wanda a wata guda ya haura mililita 800, kuma tun kafin a kai nan kawunan farantan dalma sun fito fili sun bushe, abin da ya bushe kuwa ba ya komawa yadda yake. Ita haidirojin tana kamawa da wuta da zarar ta kai kashi huɗu cikin ɗari na iskar wuri. Ma'ajiyar da ke cin lita 200, irin wadda akan ajiye batir a cikinta ƙarƙashin mazauni, lita 8 kacal take bukata ta kai wannan haddi. Gaskiya ne iskar ba ta da nauyi, in ta sami kafa a sama sai ta fice, sai dai mai jirgi yana toshe ma'ajiyarsa ne da iyakar ƙoƙarinsa don kada ruwa ya shiga, abin da ya hana ruwa shiga kuwa shi ne zai hana iska fita. Daga nan abin da ya rage shi ne tartsatsi ɗaya daga maƙalin waya da ya yi sako-sako, ko ashanar da aka ƙyasta don a duba abin da ke wari.

Na san amsar da Malam zai bayar, domin ya riga ya ambace ta: wai batirin jirgi ba ya taɓa cika, tun da kullum ana kunna fitila, ana cajin waya, ana jin rediyo. Wannan magana ta dace da daren da ake kan ruwa, amma ba a yanke wa abu hukunci da ranar da ya fi dacewa da ra'ayin mai hukunci. Ƙaramin jirgi, ko na shaƙatawa ne irin waɗanda ke ɗaure a kulob ɗin jirage na Legas wanda aka kafa tun 1932, ko na neman abinci ne a gaɓar Lamu da Zanzibar, yana shafe kwanaki masu yawa a ɗaure: iska ta yi ƙarfi an ƙi fita, zane ya yage ana ɗinki, mai shi ya kwanta ciwo, ko ya tafi gida salla. A waɗannan kwanaki babu mai kunna komai, rana kuwa ba ta fashi. Kuma ai babban abin da ya sa mutum ya sayi faranti tun farko shi ne ya bar jirginsa ya tafi, ya dawo ya tarar da batir a raye. Lokacin da aka fi dogara ga faranti shi ne lokacin da babu kowa a kusa, kuma shi ne daidai lokacin da shawarar Malam ta fi haɗari.

Sai batun zafi, wanda Malam bai ko ambata ba, alhali shi ne ya raba mu da mutanen da aka aro rangwamen daga wurinsu. Lambar nan ta 14.4 an ƙayyade ta ne a kan zafin digiri 25, kuma duk sa'ad da batir ya ƙara zafi sai haddin da yake fara fitar da iska ya sauko, har in ya kai digiri 40 ya kamata a tsaya a wajen 14. An kuma san cewa ƙarin digiri takwas zuwa goma a kan 25 yana raba kwanan batirin dalma biyu. Mu dubi Bahar Maliya, inda kakanninmu mahajjata suka riƙa tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda a cikin jiragen iska, inda kuma har yau akwai Hausawa da yawa zaune a Bur Sudan: a can zafin bazara yana haura digiri 40 a inuwa, balle a cikin rufaffiyar ma'ajiyar jirgin da rana ta doka tun hantsi. Hukuncin da aka yanke don jirgin da ke ɗaure a gaɓar Ingila, inda rana ke leƙowa ta koma, ba za a ɗauko shi a ɗora wa wannan ba sai an sake duba illarsa. Ƙari a kan haka, batura da yawa da ke kasuwa yanzu rufaffu ne, ba su da marufin ƙara ruwa, ruwan da ya fita ya fita ke nan, sai a ga cikinsu ya kumbura; na litiyam kuwa masu yin su sun shar'anta a caje su da na'urar da aka saita musu, ba a wasa da wannan sharaɗi.

Game da dayod ba zan tsawaita ba. Aikinsa guda ne, ya hana wuta komawa daga batir zuwa faranti da dare, kuma yana cin kusan rabin bolt ladan aikinsa. Ba ya auna cikar batir, ba ya rage komai da rana, kuma wanda ya sa shi a madadin kwantirola ya yi maganin ciwon da bai kai rabin wanda ya bari ba.

Akwai kuma ƙiyasin da Malam ya yi da mota, inda ya ce direba yana tafiya daga safe har dare injin yana cajin batir, ba a taɓa jin ya sayi kwantirola ba. Wannan shi ne abin da malaman usulu ke kira ƙiyasi tare da bambanci, kuma a nan bambancin ya rushe ƙiyasin daga tushe, domin janaretan mota yana ɗauke da na'urarsa ta daidaita wuta a cikin cikinsa, wadda ke tsare shi a wajen bolt 14, direba bai saye ta daban ba ne kawai saboda an haɗo masa da ita daga masana'anta. Duk mai gyaran wutar mota ya san abin da ke faruwa ran da ta lalace: ƙwayaye su yi ta ƙonewa, batir ya tafasa, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika mota. Hujjar da Malam ya kawo, in an bi ta zuwa ƙarshenta, shaida ce a kansa.

Amma duk abin da na faɗa a baya mai sauƙi ne in an gwada shi da maganarsa a kan fis, kuma a nan ne nake roƙonsa don girman Allah ya janye abin da ya rubuta. Ya ce faranti mai amfiya uku ba zai iya ƙona waya ba, kuma wannan gaskiya ne, sai dai ba don faranti ake sa fis ba. Ana sa shi ne saboda batir. Batirin da ke iya tayar da injin mota yana iya zubo amfiya ɗari biyar ko fiye a cikin ƙiftawar ido, kuma idan jan waya ta goge a jikin wani ƙarfe, ko ta haɗu da baƙar a inda motsin jirgi ya cinye robarsu, duk wannan ƙarfi zai bi ta cikin siririyar wayar da aka yi don amfiya uku, ta yi ja wur cikin daƙiƙoƙi kaɗan tun daga kan batir har inda suka haɗu, robarta ta kama, ta kunna duk abin da ta ratsa. Jirgi kuwa katako ne ko roba, da zane, da igiya, sau da yawa da galan ɗin fetur na ƙaramin inji, kuma ba ya daina motsi ko yana ɗaure, saboda haka gogewar waya a cikinsa abu ne da ake jira, ba nadiri ba ne. Majalisar nan ta Amurka mai tsara ƙa'idojin ƙananan jirage, ABYC, wadda aka kafa a 1954, ta ƙayyade a sa fis a kan jan waya cikin inci bakwai daga kan batir, wato kimanin santimita 18, sai fa in an zura wayar cikin kwaroron da zai kare ta, sa'an nan a ɗan ƙara nisa. Hikimar wannan kusanci ita ce duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba shi da mai tsaronsa. Ga farantin da muke magana a kai, fis mai amfiya 5 ko 7.5 ya wadatar. Ko waɗanda suka yi rangwame a kan kwantirola ba su yi shi a kan fis ba, ko da farantin mai wat 5 ne, domin haɗarin yana zaune a cikin batir, kuma batir bai ƙanƙance don faranti ya ƙanƙance ba.

Tun da na rushe, wajibi ne in nuna abin da za a gina. A ɗaura kwantirola kusa da batir, a wurin da ruwa ba ya fantsama kuma iska na ratsawa, don zafin da yake ji ya zama kusa da wanda batir ke ji. Mai sauƙin kuɗin nan da ake rubuta wa PWM, mai amfiya 10, ya ishi faranti mai wat 50, ba sai an kai ga MPPT mai tsada ba, wanda fa'idarsa ta fi bayyana a manyan farantai da ƙasashen sanyi. A fara haɗa batir da kwantirola, bayan an sa fis, don na'urar ta gane ko bolt 12 take aiki da shi ko 24, sa'an nan a rufe faranti da tsumma a haɗa shi. Ran da za a kwance kuwa faranti ake fara cirewa. Waya ta kasance mai silli-silli ta jan ƙarfe, in da hali wadda aka shafe da kuza, domin mai ƙwaya ɗaya irin ta gini tana karyewa da jijjiga, ta alminiyam da aka yi wa fentin jan ƙarfe kuwa, wadda ta cika kasuwa, gishiri yana mayar da ita gari. Ruwan Bahar Maliya ma ya fi na yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a lita inda galibinsu ke da 35. Kaurinta ma a duba: in faranti yana nesa da mita biyar, zuwa da dawowa mita goma ke nan, waya mai murabba'in milimita 1.5 za ta cinye kusan sulusin bolt, mai 2.5 kuwa kusan ɗaya bisa biyar, saboda haka ta biyun ta fi. A matse bakin waya da ƙarfen matsewa a ɗaure da noti, a bar murɗawa da naɗe tef. Faranti kuma a nisanta shi daga inuwar zane da ta sandar da ke riƙe da shi, domin gidajensa a layi ɗaya suke, inuwa a kan guda tana karya ƙarfin saura. Wani abu da akan manta: famfon kwashe ruwa kada a ɗaura shi a bakin da kwantirola ke ba da wuta, domin wannan baki yana yankewa in batir ya yi ƙasa, kuma gara batir ya mutu da jirgi ya nutse, a ba shi wayarsa da fis ɗinsa daga batir.

Saura zancen talauci, wanda shi ne ya fi taɓa zuciyar Malam, ni ma kuma ya taɓa tawa. Kuɗin ƙaramin kwantirola da fis da mariƙinsa, in an tara su duka, ba su kai kuɗin batir ɗaya ba, nesa ma ba kusa ba, kuma mutumin da aka ce ya bar su shi ne zai sake sayen batir tun lokacinsa bai yi ba, shi ne kuma wanda ba shi da jirgi na biyu. Dokar kiyaye karo a teku ta 1972 ta nemi ko jirgin iska da bai kai mita bakwai ba ya nuna fitilunsa in zai yiwu, in ba zai yiwu ba ya tanadi tocila ko fitila mai farin haske da zai nuna kafin a taka shi, kuma wanda batirinsa ya bushe ba tare da ya sani ba zai gane haka ne da dare, a kan hanyar manyan jirage, da yaransa a ciki. Malamanmu sun sanya kiyaye rai da kiyaye dukiya cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo don tsarewa, sun kuma haɗu a kan cewa riƙon sababi ba ya warware tawakkali, kuma wanda ya ɗauki mutane a jirginsa amana ya ɗauka. Abin da na faɗa a kan jirgi ya hau kan masu kwalekwale a Yawuri da Kainji da tafkin Chadi da ke ɗora batir don fitilar su, har da masu shagon cajin waya da nake gani sun maƙala faranti a batir kai tsaye, illa iyaka masu shago suna da ƙofar gudu.

Ba na neman Malam ya gaskata ni don na faɗa. Ya sami mitar auna wuta, wadda kowane mai gyaran rediyo ke da ita, ya haɗa farantinsa mai wat 50 da batirinsa mai Ah 70 yadda ya koyar, a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta da yara, da fis a kan jan waya ko don wannan gwaji kaɗai, kada ya kunna komai a kai har kwana uku. A rana ta uku, tsakanin azahar da la'asar, ya ɗora mita a kan batir, ya kara kunne ya saurari cikinsa, ya taɓa jikinsa da bayan hannu, sa'an nan ya rubuto wa masu karatu lambar da ya gani da abin da ya ji.